Marigayi Alhaji Abubakar Imam Kagara, Malamin Da Ya Yi Renon Yara Da Labari

Ba mu tsammanin akwai wanda ya taɓa zama a aji a ƙasar Hausa, tun daga zamanin makarantun En'e har zuwa yau, da bai ci karo da sunan Abubakar Imam ba. Wani ya san shi ta bakin aku, wani ta wajen rigimar Alhaji da Malam Zurƙe, wani kuwa ya ji dattawa suna ambatonsa a kan shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe aikin edita a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Amma sanin sunan mutum daban ne, sanin abin da ya zo duniya ya aikata kuma daban. Sabo da haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihinsa, tun ba ma a wannan zamani ba da hirar dare ta ke neman ƙaura daga gidajenmu, yaranmu kuma suna tashi da labarun ko wace ƙasa a tafin hannunsu, ban da na ƙofar gidansu.

Asalinsa

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara cikin shekarar 1911. Kagara a yau tana cikin Jihar Neja, ba ta kuwa da nisa da Zungeru, inda Gwamnan Arewa na Turawa ya ke zaune a wancan lokaci. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, sabo da haka yaron ya buɗe ido ne a gidan allo da tawada, ya fara da karatun Alƙur'ani kamar yadda 'ya'yan malamai su kan yi. Ƙasar da ya tashi a cikinta kuwa ba ta daɗe da girgiza ba. Shekara goma kafin haihuwarsa, watau 1901, Turawa suka ci Kwantagora, cikin 1903 kuma suka ci Kano da Sakkwato. Dattawan da ya tarar a zaure mutane ne da suka ga yaƙi da gudun hijira da cinikin bayi da idonsu, suka wayi gari mulkin da suka sani ya juya.

A wancan zamani tatsuniya tana nan da ranta a ko wane gida. In an ci tuwon dare, yara su kan kewaye tsohuwa, ta buɗe musu duniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo, a yi dariya, a ji tsoro, a kwanta da wani abu a zuciya game da kwaɗayi ko haƙuri ko ƙarshen azzalumi. Sai dai ba a ɗauke ta abin da babban mutum zai ɓata lokacinsa a kai ba. Sha'anin mata da yara ce, ba a ma yin ta da rana. Malami kuwa in ya ɗauki alƙalami, to, fiƙihu zai rubuta, ko tarihi, ko waƙar wa'azi.

Waɗanda suka fara tattara tatsuniyoyinmu da yawa a takarda baƙi ne. Wani jami'in mulki mai suna Frank Edgar ya sa malamai suka rubuta masa ɗaruruwa, aka buga su littafi uku tsakanin 1911 da 1913, watau na farkon ya fito ne a shekarar da aka haifi Imam. Cikin 1913 kuma R. S. Rattray ya fitar da waɗanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar Gwalkwas, Ghana ta yau. Aiki ne mai amfani, muna kuwa cin moriyarsa har gobe. Amma a Turai aka buga su, domin Turawa masu koyon Hausa da masu binciken al'adu, ɗan Bahaushe bai ma san suna duniya ba. Hatsi ne aka tara a rumbun da ba a gidanmu ya ke ba. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai ɗebo, ya dafa, ya ajiye a gaban yara.

Karatu Da Koyarwa A Katsina

Yayansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yana aikin koyarwa a Katsina, a hannunsa kuwa Abubakar ya zauna ya shiga makarantar boko. Cikin 1927 ya sami shiga Kwalejin Katsina, ya fita cikin 1932. A nan ya yi zamani da samarin da daga baya suka riƙe ragamar ƙasa, irin su Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da ya gama sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Duk malamin aji na wancan lokaci ya san inda gizo ya ke saƙa. Ga yara an koya musu haɗa baƙi da wasali, sun iya karatu, amma in an tashi daga makaranta ba su da abin karantawa da harshensu sai littattafan darasi da 'yan fassare-fassare. Yaron da bai ɗanɗani daɗin karatu ba kuwa, ranar da ya bar makaranta ran nan ya ke sallama da takarda. Wannan damuwa ce ta sa Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, wadda aka mayar Hukumar Talifi, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin 1933. Ya bi garuruwa yana roƙon malamai su gwada. Bai same ta da sauƙi ba, gama da yawa suna ganin ƙaga labarin abin da bai faru ba ƙarya ce, ba ta dace da mai rawani ba. Duk da haka aka sami waɗanda suka amsa kira, har aka buga littattafai biyar: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, da kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a sa'an nan shekarunsa 22 ne kacal.

In mutum ya dubi waɗannan littattafai da idon basira, zai ga marubutan sun kai hannu ne daidai inda ya ke yi wa jama'a ciwo. Ganɗoki labarin jarumi ne da ya gwabza da Turawa, mai karatu wanda aka ci ubansa da yaƙi ya sami wanda zai ɗaga kai da shi. Shaihu Umar labarin yaro ne da aka sace aka kai shi bauta, da uwar da ta bi sawunsa har ƙetaren hamada. Abin da mutane ba su iya faɗa a gaban Razdan, ba su ma iya faɗa wa juna, labari ya faɗa musu shi a natse.

A Ruwan Bagaja kuwa maganar magani a fili ta ke. Ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman ya ambaci wani ruwa da zai warkar da shi, aka yi masa ba'a a fada. Yaron da Liman ya rena ya ji zafin wannan wulakanci, ya shiga duniya neman ruwan, ya yi shekaru yana faɗi tashi, yana ƙulle-ƙulle da Malam Zurƙe, har ya komo da shi, mara lafiya ya warke, tsoho ya fita kunya. Mai karatu yana cikin dariya bai sani ba an shuka masa wata magana, cewa saurayi yana iya zama wanda zai komo wa gida da lafiyarsa da mutuncinsa.

Magana Jari Ce

East ya ga irin baiwar da Allah ya yi wa wannan saurayi. Cikin 1936 aka nemi aronsa daga Katsina zuwa Zariya, ya yi wajen wata shida ba shi da aiki sai karatu da rubutu. Aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe dabam dabam, irin su Dare Dubu Da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus waɗanda 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara, da labarun aku na ƙasar Indiya. Ya haɗa da abin da kunnensa ya ji tun yana yaro, ya fitar da Magana Jari Ce, littafi uku, masu ɗauke da labarai fiye da 80, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

A nan ne mu ke so masu karatu su tsaya su lura, gama abin da ya yi da labarin aku ya isa ya nuna mana manufarsa duka. A littafin Indiya, aku yana tsare matar wani attajiri ne da hira ko wane dare, don kada ta fita wajen wani namiji alhali mijinta ya yi tafiya. Imam ya ɗauki ƙashin labarin, ya sāke masa tsoka. A nasa, Sarki Abdurrahman ne ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri maci amana kuwa ya shirya a hallaka yaron da zarar ya fito. Musa jininsa yana tafasa, so ya ke ya bi sawun Mahmudu zuwa fagen fama. Ko wane dare sai ya yi shiri ya zo wajen aku neman izni. Aku ba ya yi masa tsawa, ba ya ce masa kai yaro ne. Sai ya kawo wani zance da zai ja hankalinsa, daga zance a shiga labari, kafin labari ya ƙare gari ya waye. Haka aka yi ta yi har Sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, aka ba aku sarautarsa.

Duk wanda ya taɓa renon saurayi ya san gaskiyar da ke cikin wannan. Ƙofa ba ta riƙe wanda zuciyarsa ta riga ta fita, faɗa kuwa ƙara masa sauri ya ke yi. Abin da ya kan riƙe shi shi ne ya sami wanda zai zauna da shi, ya girmama hankalinsa, ya nuna masa ƙarshen gaggawa a jikin wani kafin ya gani a jikinsa. A littafi na biyu, gasa ce aka yi tsakanin Waziri Aku da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, aka gwada fifiko da harshe a gaban sarakuna. A na uku kuwa aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda a ke ba da labari, yana gyara masa inda ya karkace. Watau da fari an tsare ran yaro da labari, daga ƙarshe an damƙa masa sana'ar a hannunsa, don ranar da babu tsoho a sami mai ci gaba.

Masanan da suka zo daga baya sun bi diddigin labarun nan, sun nuna asalin da yawa daga cikinsu, har wasu suka ce, to, wace al'adar Hausa aka adana in kayan na aro ne? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Gaskiya ne an yi aro, gaskiya ne kuma Turawan da suka ɗauki nauyin aikin suna da tasu bukata, ta samun ma'aikata masu karatun boko, ajami kuwa a wannan tafiya ya koma baya. Amma mu dubi abin da ya fito daga hannun Imam. Baiwar nan ta ƙasar Jamus mai dahuwa, wadda ta cinye kajin maigidanta ta haɗa shi da baƙonsa, da ta iso Zariya sai ta zama Kalalatu matar Kalala, ba kuwa mai karanta ta ya ji warin baƙunci. Yadda a ke faɗuwa a yi gaisuwa a fada, da yadda alkali ya ke bin shari'a, da cinikin kasuwa, da ba'ar abokan wasa, da kirari, da karin maganar da ya yi wa labarai da dama kanu da ita, duk waɗannan namu ne, a cikin littattafan nan kuwa suka sami mafaka. Yau in yaron birni yana so ya ji yadda kakannin kakanninsa su ke sarrafa harshe, nan a ke tura shi. Tun asali ma tatsuniya ba ta san iyakar ƙasa ba, tare da fatake da alhazai ta ke tafiya, inda ta kwana ta sa tufafin mutanen wurin.

Aikin Jarida Da Na Hukuma

Cikin watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka ɗauko Malam Abubakar Imam ya zama editanta na Hausa, ya kuwa riƙe aikin fiye da shekara goma. Ba a daɗe ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Ya zama shi ne zai bayyana wa manomi da maɗinki abin da ke faruwa a ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba, sai ya yi amfani da dabarar da ya saba, ta misali da karin magana da sauƙin lafazi. Takarda guda ta kan kewaya unguwa, mai karatu ɗaya ya karanta da ƙarfi, goma su saurara, kamar dai yadda a ke zaman hira. Filin wasiƙu kuma ya zama wurin da samarin malamai da akawuna suka fara ganin ra'ayinsu a buge, suka gane ashe su ma suna da ta cewa a kan sha'anin ƙasarsu.

Cikin 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya tafi Ingila cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da abokan tafiyarsa suka shirya, domin a ganinsa Arewa tana baya ƙwarai wajen ilmin zamani. Wasu sun yaba masa, wasu sun zarge shi. Amma a wannan tafiya ce kuma ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya bayyana masa kukan samarin Arewa masu ilmi game da yadda a ke tafiyar da mulkin En'e. Da ya komo sai ya mai da tafiyar labari, aka buga ta cikin 1944 da sunan Tafiya Mabuɗin Ilmi, don wanda bai taɓa ganin teku ba ya gan ta da idon wani.

Yana cikin waɗanda suka aza harsashin Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Cikin 1951 aka zaɓe shi Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, ya kuma zauna a Majalisar Wakilai ta Ikko. Siyasa ba ta riƙe shi da daɗewa ba, ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, inda ya yi shekaru yana aiki. A duk wannan hidima bai ajiye alƙalami ba, ya rubuta littattafan addini da na tarihi, ciki har da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Hausar da yaro zai fahimta. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na Dokta. Ya rasu a Zariya ran 19 ga watan Yuni 1981, yana da shekara 70.

Abin Da Ya Bar Mana

Littattafansa ba su mutu da shi ba. An yi ta sāke buga su a Zariya, an sha sa su cikin littattafan jarrabawa, a shekarun 1980 kuma gidan talabijin na NTA ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo. Masana irin su marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya sun bi bayansa, suka tattara tatsuniyoyi domin 'yan makaranta. Marubutan da suka cika kasuwannin Kano da littattafai tun daga shekarun 1980, da wuya a sami wanda bai sha daga wannan rijiya ba.

To, amma akwai abin da ya sa tarihin nan ya ke da nauyi a zuciyarmu fiye da da. Ran 17 ga watan Fabrairu 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, mahaifar Imam, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da mutum 42, 27 daga cikinsu ɗalibai, sai bayan kwana goma aka sako su. Irin wannan masifa ta sami garuruwa da yawa a Arewa, ta bar yara masu firgita cikin barci, da waɗanda suka tashi a sansanin gudun hijira ba su san zauren kakansu ba. Ba mu ce labari zai tsaya a madadin tsaro ba, ko abinci, ko likita. Waɗannan hakki ne a wuyan hukuma, su ne kuma na farko. Amma yaron da ya ga abin tsoro yana bukatar ya ji cewa wani ya taɓa shiga dokar daji ya fito, yana kuma bukatar babban da zai zauna ya saurari nasa labarin har ƙarshe ba tare da ya katse shi ba. Samarin da a ke ruɗa su shiga daji, ko su faɗa shaye-shaye, ko su zama karnukan farautar 'yan siyasa, da yawansu Musa ne wanda ya zo bakin ƙofa da dare bai sami aku ba.

Sabo da haka muna kira ga iyaye su maido da hirar bayan tuwon dare, ko da sau ɗaya ne a mako. Muna kira ga malaman makaranta su ware lokacin da yara za su karanta labari don daɗinsa, su kuma tashi su ba da nasu a gaban 'yan'uwansu. Waɗanda Allah ya bar musu tsofaffi a gida, su ɗauki muryarsu da wayar nan da ke aljihu tun suna raye, sa'an nan kada su bar ta kwance a cikin waya, su koya wa ƙannensu. Samari masu sha'awar rubutu kuwa, su tuna Imam yana da shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja, yana malamin aji, bai kuwa ji tsoron karanta na wasu ba, sai dai duk abin da ya ɗauko bai sake shi ba sai da ya koya masa Hausa.

Allah ya ji ƙan Alhaji Abubakar Imam, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa abin da ya rubuta ya zama mai amfani a gare shi da mu baki ɗaya, amin.